Idan Birane Suka Haɗe, Me Za Mu Kira Su da Hausa?

Jama'a, musamman malamanmu masu fassarar labarai a gidajen rediyo, ga wasu kalmomin Turanci biyu da nake so mu zauna a kansu: conurbation da megalopolis. Duk sanda suka fito a labari sai a ce "manyan birane" a wuce, alhali ba girma ake nufi ba. Garuruwa ne daban-daban da suka yi ta faɗi har suka manne da juna.

Ta farkon, wani masani ɗan Sukotland, Patrick Geddes, ne ya ƙirƙiro ta a 1915, da ya ga garuruwan masana'antu na Birtaniya sun cinye gonakin da ke tsakaninsu. Dubi yankin Ruhr na Jamus: Essen, Dortmund, Duisburg da Bochum, kwal da ƙarfe suka tara musu mutum fiye da miliyan 5. Kowane gari da magajin garinsa, babu wanda yake uban saura, amma mai shiga jirgin ƙasa ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma.

Muna da irinsa a gida. Ka taso daga shataletalen AYA a Abuja ka nufi Keffi: Nyanya, Mararaba, Ado, Masaka, shago na bin shago, masallaci na bin gidan mai. Nyanya tana cikin Abuja, Mararaba kuwa jihar Nasarawa ce. Da asuba za ka ga ma'aikata cunkus a bakin titi suna kokawar mota, sun kwana a wata jiha za su yi aiki a wata. Ta ɗaya ɓangaren haka Zuba take da Madalla da Suleja ta jihar Neja. Ruwan sha, kwashe bola, cunkoson hanya, duk matsala ɗaya ce a hannun gwamnatoci uku. In abin ba shi da suna a bakinmu, ta yaya mai sauraro zai tambayi wanda ke da alhakinsa?

Na auna shawarwarin da aka kawo. "Babban birni" ya riga ya zama na hedikwatar ƙasa ko jiha. "Birni da kewaye" ya dace da Kano, inda Fagge, Tarauni, Ungogo da Kumbotso suke kewaye da cibiya ɗaya, sai dai a Ruhr wane ne birnin, wane ne kewayen? "Tagwayen birane" ya tsaya a biyu. "Haɗakar birane" da "gamayyar birane" suna sa mutum ya zaci zama aka yi aka sa hannu, kamar haɗakar jam'iyyu, nan kuwa babu wanda ya shirya, gini ne ya ci karo da gini. "Haɗaɗɗun birane" ma ba zai yi ba, don matasa za su ji kamar ana yabon kyansu ne.

"Gungun birane" ya fi ba ni wahalar ajiyewa, yana da daɗin faɗi. Matsalarsa, gungun mutane kan watse, kuma ana iya ratsawa ta tsakaninsu.

Abin da na tsaya a kai shi ne "curin birane". Kamar curin fura, an dunƙule abu ya zama guda, ba ya komawa garin gero. Kalmar gajeriya ce, kuma tsohuwa a ƙauye za ta gane ta ba tare da an yi mata bayani ba.

Kalma ta biyun, wato megalopolis, ta fi faɗi. Wani masani ɗan Faransa, Jean Gottmann, ne ya yaɗa ta a 1961, yana nufin tsirin da ya taso daga Boston, ya bi ta New York da Philadelphia da Baltimore har Washington. A nan akwai gonaki da daji jefi-jefi, hanya da jirgi da kasuwanci ne suka ɗaure biranen. Haka Tokyo da Nagoya da Osaka suke, musamman tun da jirgin ƙasa mai gudu ya soma aiki a 1964. Wannan ina ganin "sarƙar birane" ce, kowane zobe curi ne mai zaman kansa. Fatakenmu sun san wadda ke tasowa a bakin teku: Ikko, Kwatano, Lome, Akara har Abidjan, kusan kilomita 1,000 a ƙasashe biyar.

Ku gwada su a baki: "Ambaliya ta shafi curin biranen Ruhr." "Za a gina babbar hanya a sarƙar biranen Ikko zuwa Abidjan."

Sai tambaya ga 'yan uwanmu Hausawan Sudan. Khartum da Omdurman da Bahri, waɗanda kogin Nilu ya raba gadoji suka haɗa, Larabawa na ce musu babban birni mai kusurwa uku. Ku a gida me kuke ce musu? In kuna da kalmar da ta riga ta zauna, ku kawo ta mu ɗora a kan curi mu gani.