Ruwan wankin ƙodar Baba ya daina fita kamar da, ina neman haske

Assalamu alaikum, likitoci da masu jinya. Shekara huɗu ke nan Baba yana wankin ƙoda ta ciki, wato ana zuba masa ruwa mai sukari a ciki ta bututu, ya ɗan jima sannan a fitar da shi cikin jaka, lita 2 sau huɗu a rana. Da, idan ruwan ya kwana a cikinsa, da safe jakar takan kai mililita 2,400. Yanzu da ƙyar take kai 1,900, ga sawun robar safa a ƙaurinsa har azahar. Bara sau biyu ruwan ya fito gurɓatacce, aka ba shi maganin ƙwayoyin cuta.

An yi masa gwajin PET na awa 4, wanda ake auna yadda tantanin ciki ke tacewa, likita ya ce tantanin cikin ya zama mai barin abubuwa su ratsa shi da sauri. Yadda na fahimta, sukarin da ke cikin ruwan shi ke janyo ruwan jiki. Yawan haɗuwa da sukarin da ciwon da ya yi suna sa kumburi, sinadaran IL-6 da VEGF su ƙaru, sabbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro. Su ne ke shanye sukarin tun kafin ya gama aikinsa.

To a nan na maƙale. An ce mu ƙara amfani da jaka mai sukari kashi 4.25, alhali sukarin ne ya jawo matsalar. Ba gudun gara ne a faɗa gidan zago ba? Idan aka koma icodextrin (wani ruwan wankin da jiki ba ya saurin shanyewa kamar sukari) da dare, ko aka hutar da cikin aka yi wankin inji na ɗan lokaci, jijiyoyin nan suna raguwa kuwa? Kuma ta yaya za a tabbatar ba bututun ne ya goce ba? Don Allah a taimaka.