An taɓa auna muku natsuwa a wajen atisaye?

Gola: Salamu alaikum. Kocinmu ya gayyato wata masaniyar halayyar ɗan'adam, ta raba mana takarda mai tambayoyi 15 ta auna natsuwa da ake kira MAAS, wadda wasu masana, Brown da Ryan, suka tsara a 2003. Kowace tambaya mutum zai ba kansa maki daga 1 zuwa 6: ko kakan yi aiki hankalinka na wani wuri, ko kakan manta sunan mutum da zarar an faɗa maka. Makina ya yi kyau. Amma wallahi in aka zura min ƙwallo ɗaya, ina nan ina saƙa da warwara har a tashi wasa. Wa ya taɓa yin irin wannan gwajin?

'Yar tsere: Ni akasin haka na gani, ɗan'uwa. Bayan mun jima muna koyon zama shiru muna bin numfashi, aka sake ba mu takardar, sai makina ya sauka! Raina ya ɓaci. Malamar da ke koya mana ta ce hakan na faruwa: da hankalina yana yawo ban sani ba, yanzu kuwa ina kama shi duk sanda ya zille, shi ya sa amsata ta fi ta farko gaskiya.

Koci: Matsalar takarda ke nan. Yaro ya san ni zan karanta, kuma ni ke fitar da sunayen masu buga wasa, to me kake tsammani zai rubuta? Ni allon lambobi nake ba su, gida 100, an watsa 00 zuwa 99 a hargitse, su bi su a jere cikin minti ɗaya. Sai a maimaita ana ihu ana kiran sunansu. Tazarar makin biyu nake dubawa. Shi ma yana da nasa rauni, don masu wayo sukan haddace allon in ba a canza shi ba.

Ɗan kwando: Ranka ya daɗe, mu tabarau mai kyamara aka sa mana, yana bin inda ido ya tsaya kafin jifa. Joan Vickers ta Jami'ar Calgary a Kanada ta nuna tun 1996 cewa gwanaye sun fi daɗewa suna kafe ido a kan kwando kafin su saki ƙwallo. Da na kalli bidiyona, idona sai tsalle yake tsakanin kwando da hannuna. Nan ba damar musu.

'Yar tsere: Ido dai ba zuciya ba ne. Gola, abin da ke damunka dawowa ne bayan kuskure, kuma MAAS ba ta tambaya a kai. Ka nemi a ba ka MIS, wata takardar tambayoyi ta 2014, wadda aka yi domin 'yan wasa. Tana auna lura, da rashin zargin kai, da saurin maido da hankali.

Koci: A ba shi, amma kada sakamakon ya biyo ta hannuna.