Zumunci da goyo: shawarwarin iyaye mata a Sakkwato

Da aka yi hirar kai yaro ganin dangi, bakin iyaye mata ya zo ɗaya kan sammako. Ko Tambuwal za a nufa ko Gwadabawa, a bar tasha bayan asuba, domin a Afrilu zafi kan haura digiri 40.

Maganar ruwa ta fi jan lokaci. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono ya ishe shi. Idan kaka ta matsa a ba shi ruwa, a lallashe ta cikin ladabi. Wanda ya wuce nan, a riƙe masa tafasasshen ruwa da haɗin gishiri da sukari saboda gudawa.

Ni kam gidan sauro na fi jaddadawa, musamman da damina, don ba kowane gida ke da na baƙo ba.