Neman kalma: me za mu kira "antimatter" a shirin rediyo?

Zainab: Salamu alaikum, malamai. Gobe da safe za mu naɗi shirin kimiyya kan dalilin da ya sa duniya ta cika da abin da ake taɓawa, abokin haihuwarsa kuma ya ɓace. A farkon samuwar sararin samaniya an haifi biyun kusan daidai, suka cinye juna suka koma haske, sai rarar kusan ɗaya cikin biliyan ta tsira, ita ce taurari da mu. Me zan kira abokin nan? Idan na ce "antimata", masu sauraro za su ji "anti" da "mata".

Malam Lawal: Kishiyar madda. Madda ita ce abin da ake taɓawa. Nauyinsu ɗaya, matsayinsu ɗaya, caji ne ya saɓa. Haka fositiron, ƙwayar da masani Carl Anderson ya gano a 1932, yake ga ilektoron, ƙaramar ƙwaya mai caji da ke cikin ƙwayar zarra, kamar yadda lissafin Paul Dirac na 1928 ya nuna.

Injiniya Bashir: Madda Larabci ce. Har yaushe za mu yi ta aro? Ni tawa ita ce "juyau", wato abu mai juyayyen caji. Gajera ce, tamu ce, ɗalibaina ma sun kama ta.

Malam Lawal: Injiniya, shi "caji" ɗin daga Daura ya zo?

Injiniya Bashir: Allah gafarta Malam, ko mai sayar da rake ya san caji. Madda sai wanda ya yi zaure.

Dakta Hadiza: Ku bar zancen asali, juyau tana da matsala ta ilimi. Nutiron, ɗaya daga ƙwayoyin tsakiyar ƙwayar zarra, ba shi da caji, amma yana da nasa abokin, an gano shi a 1956. Me aka juya a nan? Kuma Zainab, ki kula: rinjayen da kike magana a kai ba na caji ba ne. Cajin firoton, ƙwaya mai caji da ke tsakiyar ƙwayar zarra, da na ilektoron sun soke juna, don haka duniya a daidaice take ta wannan fuska. Abin da ya karkata shi ne yawan madda a kan kishiyarta. Andrei Sakharov ya kawo sharuɗɗa uku a 1967 da za su haifar da hakan, gwajin Cronin da Fitch na 1964 kuma ya nuna biyun ba sa hali iri ɗaya sak, sai dai bambancin da aka auna ya yi kaɗan, bai isa ya bayyana wannan rinjayen ba.

Issoufou: Mu a Damagaram da Faransanci muka karance shi. Kullum ku yanke a Kano ku aiko mana kamar mu 'yan haya ne a harshen.

Malam Lawal: Wa ya hana ka kawo taka, ɗan'uwa?

Issoufou: Tagwai. Bibbiyu ake haifar su.

Dakta Hadiza: Tana da kyau wajen bayanin haihuwar, amma ba ta ɗauke da gabar. Sun haɗu, sun hallaka.

Injiniya Bashir: Juyau ta ɗauke...

Zainab: Yallaɓai, lokaci ya ƙure. Zan ce "kishiyar madda", in fassara madda sau ɗaya a farko, in ari "tagwai" wajen haihuwa. Na gode.

Injiniya Bashir: To, a yi ta gobe kawai. Ni a ajina juyau zan ci gaba da cewa.

Issoufou: A dai faɗa cewa tagwai daga Nijar ta zo.