Wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce a hannuna, in gaya wa mai ƙarar?

Ƙaramin Lauya: Assalamu alaikum. Shekarata uku da fara aiki a Kano. Wani dattijo ya faɗi shari'ar fili a Babbar Kotun Jiha, ya ba ni kuɗi in ɗaukaka ƙara. Wata uku doka ta bayar in hukuncin ƙarshe ne. Na rubuta takardar, sai mahaifina ya kwanta asibiti, fayil ya yi ta kwana a durowa. Ko da na farga, wa'adi ya wuce da kwana 19. Zan iya neman ƙarin lokaci a Kotun Ɗaukaka Ƙara da kuɗin aljihuna. In faɗa masa ne, ko in gyara shiru? In ya kira ni "ɗana" yake cewa, abin da ke damuna ke nan.

Ɗan Kurmi: Ku je wajen mai unguwa a sasanta. Shari'ar fili ba ta ƙarewa.

Maman Ummi: Barista, ka tono min ciwo. Shari'ar gidan marigayi mijina shekara huɗu muna yi. Lauyanmu kullum "an ɗage, Hajiya". Ashe an kori ƙarar saboda bai je ba, wata bakwai ina aika masa kuɗin mota. A bakin masinjan kotu na ji, ina tsaye riƙe da ledar takardu, yana min kallon tausayi. Na sayar da awarwarona biyu a kan shari'ar nan. Da na je ofishinsa sai ya ce laifin rijistara ne. Wallahi da ya ce "na yi kuskure" da na haƙura. Har yau in na ga mai baƙar riga da hular gashin nan gabana faɗuwa yake.

Sadiya Fagge: Allah ya saka miki, Hajiya. Me ya hana ki kai shi LPDC? Kwamitin ladabtar da lauyoyi ne, har cire suna suke yi daga rajista.

Maman Ummi: Da wane kuɗin, 'yar nan? Da wane ƙarfin?

Tsohon Rijistara: Barista, ka manta abu ɗaya. Neman ƙarin lokaci sai da takardar rantsuwa, a ciki za ka faɗi dalilin jinkirin, ka kuma nuna hujjojin ɗaukaka ƙarar masu ƙwari ne. Kotuna sun sha cewa ba a ɗora wa mai ƙara laifin lauyansa, amma ai sai lauyan ya amsa laifin a rubuce. Lauyan ɗaya ɓangaren zai karanta. Kana so dattijon ya ji daga bakin abokin shari'arsa?

Ɗan Kurmi: Nawa ma ake kashewa? Ƙanena dubu 50 aka karɓa a wajensa.

Abban Walid: Dubu 50 a ina? Ni dubu 300 na biya, ban da kuɗin haɗa kundin shari'a.

Barista M.: Kuna haɗa kuɗin kotu da ladan lauya. Kuma don Allah wanda bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba ya daina ba da fatawa. Ƙanena, ka fara gaya wa mai cembarku, wato babban lauyan ofishinku, kafin kowa, ka shigar da takardar gobe, sannan ka je gidan dattijon da kwafinta a hannu.

Abban Walid: To mu da muke biya ba mu da bakin magana ke nan? Hajiya ta fi ku sanin zafin abin.

Na Gwale: Ka tafi da goro da turare, ka fara da "Baba, ƙaddara ta riga fata." In ya ɗauko sanda, ka nemi a ɗage zaman.

Ƙaramin Lauya: Mai cembarmu ya tafi Umara. Ni kaɗai na san maganar.

Sadiya Fagge: Kwana 19 ma abin magana ne? Su kotunan wa suke ba haƙuri? Lokacin yajin aikin ƙungiyar ma'aikatan kotu (JUSUN) na 2021 sama da wata biyu ƙofa a rufe, yayana na tsare yana jiran beli.

Abban Walid: Bar yajin aiki. Ka taso daga Bichi da asuba, ka zauna a benci har azahar, sai a ce alƙali ya tafi taro. Lauya kuma ya karɓi kuɗin zuwansa cif.

Barista M.: Man motar da ya kai shi kotun fa, taro ya tafi?

Maman Ummi: Ni dai har yanzu takardun gidan na hannunsa. Akwai wanda ya san yadda ake karɓo fayil daga wajen lauya?