An ba ni kwana 7 in kwashe kajina, dan Allah ku ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa, wlh ko barci ban yi ba jiya. Ni a Tudun Jukun nake a Zariya, bara da na kwashi adashe mai gidana ya ce in sayi keken ɗinki ni kuma na ce kaji, don mahaifiyata Allah ya jiƙanta da kiwon kaji ta yi mana kayan ɗaki mu huɗu a cikin birni, to har Shika ƙanina ya je ya samo min 'yan tsaki Shika Brown ɗin nan ta cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI, na yi ta fama da rigakafin Gumboro da Lasota, fitila duk dare, sai yanzu da suka fara ƙwai maƙwabciyata ta bayan katanga ta ce wari da ƙuda sun hana su cin abinci a tsakar gida. Shekaran jiya wani ya zo ya ce shi duba-gari ne, in kwashe cikin kwana 7. Wai da gaske akwai dokar da ta hana kiwon kaji a cikin gari?

Ɗan Kwarbai: Hajiya ki kwantar da hankalinki. Wane gida ne a Zazzau ba akurki? Ya nuna miki takarda? In bai nuna ba na goro yake nema. Kar ki taɓa kaza ko ɗaya.

Uwar Biyu: Yaya guda nawa ne kajin? kuma gidan naku ne ko haya? ba ki faɗa ba

Mai tambaya: Ba su da yawa fa, 60 ne sai zakara ɗaya. Haya ne amma shekararmu 9 a ciki

Uwar Biyu: Sittin?! Yaya ai wannan ya wuce kajin tsakar gida. Mu a Sabon Gari wanda muke haya tare ya zuba na turawa a bakin tagata, da damina ko baƙi ba na iya saukewa, na kai ƙara wajen mai gida ashe shi ma ana kai masa kiret duk sati. Har yau ina nan ina shaƙa.

Ɗan Kwarbai: Wannan matsalarki ce da mai gidanku. Ana cikin tsadar nan mace ta samu abin rufin asiri a ce ta rufe? Ko a Amurka, birnin New York an yarda ka ajiye kaji mata a bayan gida, zakara kawai aka hana saboda cara. Sai mu a Zariya?

Malamin Samaru: Ranka ya daɗe ka kawo hujjar da ta kayar da kai, ai ita tana da zakara. Hajiya, duba-gari ba ruwansa da kaza, wari da ƙazanta yake bi, kuma a nan yana da hurumi. Ki zuba garin katako busasshe mai kauri, kar ruwan sha ya dinga zuba a kai, jiƙewar ce ke tada warin. Kashin ki tara a buhu, masu lambu saya suke. Zakaran ki yanka, masu ƙwai ba sa buƙatarsa. Kuma a tuna murar tsuntsaye ta 2006 a Jaji aka fara ganinta, nan kusa da mu.

Mai tambaya: Malam zakaran nan jinin kajin mahaifiyata ne ba zan yanka ba gaskiya. Shara kuma ina yi, ita matar tun rigimar yara a islamiyya take jin haushina, awakinta da ke cinye min zogale wa ya yi magana?

Uwar Biyu: Ki dai je da ƙwai ki ba ta haƙuri, ko ku zauna gaban mai unguwa

Ɗan Kwarbai: A'a! Ta kai ƙwai yau gobe kiret za a nema. Hajiya in ya dawo ki ce ya nuna katin aiki da takarda mai hatimi, shi ke nan.

Malamin Samaru: In kuma ya nuna fa?

Mai tambaya: To ni yanzu wanne zan ɗauka. Mai gidana ma bai san mutumin ya zo ba, yana Kano sai Juma'a