Kwamfuresa yana shaƙe muryar mawaƙina, don Allah ku taimaka

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi ina cikin damuwa. Na buɗe ɗan sitidiyo a bayan shagon kawuna, babur ɗina na sayar na haɗa da kuɗin adashe na sayi kwamfuta da makirfo da Focusrite Scarlett, na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta. Shi kawun ɗinki yake so in koya, sai da mahaifiyata ta sa baki ya yarda. To yanzu wan abokina ya ba ni waƙar bikin ƙanwarsu, har ya biya rabin kuɗi, kuma ranar Juma'a ake kamu. Idan aikin nan ya lalace ban san da wane ido zan kalli kawu ba.

Mawaƙin yana fara baiti a hankali, da ya zo amshi sai ya ɗaga murya har jar fitilar da ke nuna sauti ya yi yawa ta kama. Na sa kwamfuresa, wato abin da ke danne murya in ta yi ƙarfi, a manhajar haɗa waƙa ta FL Studio. Yanzu in ya ɗaga sai muryar ta dusashe, in ya yi shiru kuma numfashinsa da ƙugin janareta su taso. Yaya zan yi?

Oga Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ba ka faɗi lambobinka ba, amma na san abin da ka yi. Tireshol ɗinka, wato iyakar da kwamfuresa ke fara aiki, ya yi ƙasa sosai. Kwamfuresa danne abin da ya haura tireshol yake yi. A reshiyo (yawan dannewa) 4:1, in murya ta haura da dB 8 (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), dB 2 kawai zai bari. Da ka ɗaga gen, wato ƙarfin sauti, don cike giɓin, duk abin da ke ƙasa sai ya biyo, har janaretan. Sa reshiyo 3:1 ko 4:1, atak (saurin kamawa) wajen milisakan 10, rilis (saurin saki) 80 zuwa 100. Sauke tireshol a hankali har mita ta nuna yana cire dB 3 zuwa 6 a inda ya fi ɗaga murya. Kada ka wuce nan. Wajen ɗauka kuma rage gen ɗin Scarlett, murya ta tsaya wajen dB -12 a mita, a saitin ɗauka na 24-bit.

Mai Fiyano:
Oga, da girmamawa, kwamfuresa ɗaya ba zai riƙe mawaƙi irin wannan ba. Ni biyu nake jerawa, mai sauri irin samfurin 1176 ya kama tsinin muryar, mai laushi irin samfurin LA-2A ya daidaita sauran, kowanne ya cire kaɗan.

Oga Injiniya:
Yaron bai iya ɗaya ba za ka ɗora masa biyu? Ya bi abin da na faɗa kawai.

Yar Amshi:
Ni dai kuna ba ni mamaki. Kowa na zancen na'ura, ba mai cewa mawaƙi ya ja baya daga makirfo in zai ɗaga murya. Mu da muke amshi mun san wannan, tazarar kamar taƙi ɗaya, in amshi ya zo ka ɗan kau da kai. Akwai inda na yi wuni guda ina amshi, aka matse muryata har ban gane ta ba, kuɗin motar ma ba a cika min ba har yau.

Ɗan Kurna:
Na gode. Reshiyo 10:1 na sa, amma ba da ka na yi ba, a bidiyo na gani kuma muryar mutumin ta fita tas. Kuma da kwamfuresan a kunne na ɗauka, ya shiga cikin muryar, don mawaƙin ya ce ya fi jin daɗin kansa haka a kunnensa. Janaretan na maƙwabci ne, ba ni da iko da shi.

Baban Khalifa:
Janareta ai shi ya kashe mu duka. Ni sai ƙarfe ɗayan dare nake ɗaukar murya, ga kuɗin mai, ga masu waƙa ba sa son biya.

Oga Injiniya:
To Ɗan Kurna, ka ga inda gizo ke saƙar. Abin da ka matse wajen ɗauka ba ya warwaruwa, inda ja ya kama kuma ya fashe ke nan. Ka bar mawaƙin ya ji kwamfuresa a kunnensa, amma ka ɗauki muryar tsurarta. Kira shi ya sake.

Ɗan Kurna:
Oga, mawaƙin ya tafi Zariya, sai ranar bikin zai dawo. Kuma jan ba sosai ya kama ba, wuri uku ne ko huɗu. Idan na yanke numfashin da hannu na ƙara Auto-Tune mai gyara karin murya da ɗan amo, ba zai rufe ba?

Mai Fiyano:
Numfashin zai yanku. Turo min in saurara, amma yau ba mu da wuta, sai dai gobe.